Damin Geron Da Na Hana Tsohon Jiratawa

Assalamu alaikum, edita. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ina taɓe baki ina cewa ni dai ba za a yi haka da ni ba. Yau ga ni da nawa. Ina roƙon ku sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Ni malamar makaranta ce a Maraɗi, ina zaune a unguwar Zariya, kuma ni ce babba a cikin mu biyar da mahaifinmu ya bari. Lokacin da abin nan ya faru na haura arba'in, kuma gaskiya ina ji da kaina. Ni kaɗai ce na yi karatu mai zurfi a gidan, don haka duk wata takarda ta iyali a jakata take kwana, tun daga takardun haihuwa har na gida. Abin da ba a rubuce yake ba, a wurina hira ce kawai. Ƙannena suna kirana Kumandan a bayan idona, na sani, kuma maimakon in ji haushi daɗi nake ji. Idan na yanke magana ba a sake ɗaga ta.

Mahaifinmu ya bar mana gona guda babba a wani ƙauye kusa da Tsibiri. Ko bayan da muka dawo Maraɗi ina ƙarama bai daina noma ta ba, geronta muka ci muka girma. Yana da wata al'ada da na sha yi masa tsiya a kanta. Kowace kaka, kafin a zuba ko zangarniya ɗaya a rumbu, sai ya zaɓi dami mafi kyau, ya ɗaure da hannunsa, ya ɗora a amalanke, ya ratsa Maraɗi da shi har Jiratawa, gidan wani abokinsa da muke kira Baba na Jiratawa. Tafiyar yini ce zuwa da dawowa, saboda dami ɗaya tak. Nakan ce masa wahalar da jakin yake sha ta fi geron daraja, sai ya yi dariya ya ce in dai bari, akwai abin da ba a koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Ranar da jikinsa ya yi tsanani ya kama hannuna ya bar mini magana biyu: in riƙe ƙannena, kuma kada in yanke damin Jiratawa. Na ce masa to. A zuciyata na ɗauka sadaka ce irin ta tsofaffi, mutum ya saba da ita yana tsoron a daina bayan ransa.

Shekarar farko na aika. Shekara ta biyu sai wayona ya motsa. Na zauna na yi lissafi irin na malaman makaranta: tsohon nan yana da ƴaƴa maza manya, yana da fili a wurin noman rani na Jiratawa, ba ya cikin mabukata. Ga zawarawa da marayu a layinmu. In dai lada ake nema wa mamaci, ai gara a kai inda ake da buƙata. Na sa aka sussuke damin na raba wa maƙwabta, ina jin kaina kamar na gyara kuskuren shekara arba'in. Ƙanena da ke bi mini, wanda shi ke kula da ƴan baremar da ke mana noman, ya ce Yaya da mun bar abin nan yadda Baba ya bar shi. Na ce masa in yana da amalanke da lokacin ɓatawa, ga hanya nan. Ya ƙyale ni, don ya san ni.

Bayan girbi da kamar wata guda na dawo daga makaranta da azahar, a gajiye, alli duk a hannuna, sai na tarar da Baba na Jiratawa zaune a kan tabarma a ƙofar gidana, sandarsa a gefe. Ya tsufa ƙwarai. Muka gaisa, ya yi wa mahaifina addu'a mai tsawo, sannan ya shiga tambayata gona. Ta yi albarka bana? Gambar da ke iyakar gabas tana nan ko shanu sun cinye? Gawon nan na tsakiya bai faɗi ba? Bai roƙe ni komai ba, wallahi ko da wasa bai ambaci dami ba. Amma ni na riga na yanke cewa biyo sawun geronsa ya yi, raina kuwa ya ɓaci. Na shiga ciki na auno tiya guda ta gero, na zuba a baƙar leda, na fito na ajiye a gabansa. Ban tsaya nan ba. Na ce masa zamani ya canja, mai yi masa alherin nan ya riga mu gidan gaskiya, mu kuma nauyi ya yi mana yawa, ya yi haƙuri da wannan, kuma ba sai ya sake wahalar da kansa da doguwar tafiya ba. Ya daɗe yana kallon ledar nan. Sannan ya ɗauka, ya dafa sanda ya miƙe, ya ce, "Allah shi yi albarka, ɗiyata. Wanga ma ya isa." Ya tari kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ya tafi. Na shiga gida ina gaya wa mijina cewa na raba gardama. Kaka biyu suka sake wucewa ban aika ko ƙwaya ba, shi ma bai sake zuwa ba, ni kuma ban sake tuna shi ba.

Duk wanda ke Maraɗi ya san yadda gari ke cin gonakin da ke hanyar Tsibiri. Inda muka sani da gero jiya, yau bulo ne da kwano. Kullum sai ka ji an sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ko maƙwabci ya matsar da iyaka. Sai na ce ba za a yi haka da ƴaƴan mahaifina ba. Za mu auna gonar, a yi mata takarda, a raba kowa ya san rabonsa. Aka yi mini kwatancen wani mai awon filaye, wanda mu nan muke kira jometir, aka ce ba ya wasa da aikinsa. Mutum ne mai sanyin magana, irin mutanen da ke ƙure haƙurina. Kafin ya taɓa ko igiyar awo sai ya zaunar da ni ya tambaye ni yadda gonar ta zo hannun mahaifina: gado ce, saye, kyauta, jingina ko aro? Na ce gado ce mana. Ya ce daga wa ya gada? Nan na ɗan yi turus, don mahaifina ba ɗan Tsibiri ba ne, daga arewa ya zo yana saurayi a wata shekarar yunwa. Na ce to saye ne. Ya rubuta wani abu.

Muka je ya ga wurin, shi da ni da ƙanena. Ya zaga gonar a ƙafa yana bin layin gamba da ke raba mu da maƙwabta, ya dawo ya tsaya ƙarƙashin gawo yana waige-waige. Ya ce in dubi gonakin da ke kewaye da mu. Wannan da mangwaro, wancan da jerin darbejiya, na kudu har da rijiya. Tamu kuwa, wadda mutum ɗaya ya noma shekara arba'in, babu itace ko ɗaya da hannu ya dasa, sai gawo da ya fito don kansa. Ya ce a aikinsa idan ya ga haka yakan ƙara tambaya, domin manomi ba ya ƙin dasa itace a ƙasarsa sai da dalili. Na katse shi, na ce awo na ɗauko shi ya yi, ba tarihi ba. Ya ce awo zai yi, amma ba zai kafa turken iyaka ko ɗaya ba, kuma ba zai sa hannu a komai ba, sai an tara maƙwabta huɗu da mai gari sun shaida a gaban juna. Na ce a tara, ni me zai dame ni? Tun kafin ranar ma na sa aka zuba mini turakun siminti, aka kai su gonar aka jibge.

Ranar awon da hantsi mutane suka hallara. Jometir ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya bi iyaka kusurwa-kusurwa tare da kowane maƙwabci, yana tambaya yana rubutawa. Babu wanda ya yi gardama a kan ko taki ɗaya, ina ta murmushi ina kallon ƙanena. Da aka gama aka zauna a inuwa, sai ya buɗe takarda ya dubi mai gari, ya ce saura tambaya guda: wannan gona da aka auna ta wa ce, kuma ta wace hanya? Dattawan suka shiga kallon ƙasa. Mai gari ya gyara zama ya dube ni, ya ce Malama, ina ƴaƴan marigayi na Jiratawa, shi ya ɗauka tare muka shirya wannan zama. Na ce wane marigayi? Ya ce Baba na Jiratawa mana, ai wata uku ke nan da rasuwarsa. Kafin in gama haɗiye wannan sai ya ci gaba, a hankali, kamar mai gaya wa yaro abin da kowa ya sani. Gonar ta Baba na Jiratawa ce, gadon ubansa. Lokacin da mahaifina ya zo garin ba shi da ko inda zai kafa bukka, shi ya ɗauke shi aboki, da zai koma Jiratawa kuma ya ba shi aron gonar ya ce ya ci da iyalinsa. Sharaɗin aro a wurinsu sananne ne: ba ka dasa itace, ba ka haƙa rijiya, kuma kowace kaka kana kai wa mai ƙasa dami guda, ba don yana buƙata ba, sai don kowa ya san ƙasar tana da mai ita.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na dubi gonar da na sani tun ina goye na ga kamar yau na fara ganinta. Amma halina bai bar ni ba. Na miƙe na ce ina takarda? A nuna mini inda aka rubuta. Sai wani tsoho, maƙwabcinmu na gabas, ya ce takardar ai ita ce damin. Ya ce shekara arba'in garin nan kaf yana ganin amalanken mahaifina yana fita da shi, kuma da suka daina gani sun ɗauka daga Maraɗi muke aikawa, tunda yanzu mota ke kwashe amfanin gaba ɗaya. Na koma na zauna. Ba gonar ce ta fara zo mini a rai ba, baƙar ledar nan ce. Mutumin da ya ciyar da mu shekara arba'in shi na auna wa tiya guda, na kuma ce kada ya sake zuwa ƙofata.

Jometir bai ce ai na gaya miki ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda haka. Ya naɗe kayansa, ya matso ya ce mini awon bai ɓaci ba, yana nan a ajiye. Ya ce in je in ga magadan, duk abin da muka daidaita a kai shi zai rubuta, amma abin da yake gaskiya kaɗai.

Bayan kwana biyu na tafi Jiratawa, na shirya jin kowace irin baƙar magana. Babban ɗan marigayin, wanda ya girme ni da kaɗan, shi ya tarbe ni. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, ya karɓi gaisuwata, har yana ba ni haƙuri wai sun aika a gaya mana rasuwar amma ɗan aiken bai gane gidana ba. Sannan ya shiga yi mini godiya. Ya ce ƴaƴan mutane da yawa da iyayensu sun mutu sai su take alkawari, amma mu ba mu taɓa yanke dami ba. Na ɗago na dube shi, na ɗauka gatse yake yi, sai na ga har zuciyarsa yake faɗi. Ya ce tun shekara ta biyu da rasuwar mahaifina tsohon ya hana kowa zuwa karɓa, ya ce yaran ma'aikata ne ba su da sukunin amalanke, shi zai riƙa zuwa da kansa. Shekarar da tsohon ya dawo da tiya guda a leda sauran ƴaƴansa sun yi ta surutu, suna cewa a karɓe gonar, amma tsohon ya ce damina ce ba ta yi mana kyau ba, kuma wanda ya tuna ka a shekarar rashi ya fi wanda ya tuna ka a shekarar samu. Shekaru biyun da suka biyo baya kuwa, in ji shi, da rabin buhu yake dawowa a bayan kabu-kabu, yana cewa ga saƙon ƴaƴan abokina. Ya ce wasiyyar da ya bar musu ita ce, muddin damin nan yana zuwa, kada wanda ya taɓa gonar, a bar mu mu ci har jikoki. Sayarwa da rabawa ne kawai babu.

Ni na san ban ba shi rabin buhu ba. Kasuwa yake shiga ya saya da abin hannunsa, ya kai gida da sunanmu, don ƴaƴansa kada su kore mu. Zan so in ce muku nan take na faɗi gaskiya, amma ban faɗa ba. Na ce amin, na ce Allah ya jiƙansa, na yi sallama na fito kamar ɓarauniya.

Da na gaya wa ƙanena, ya ce Yaya ki rufe bakinki. Ya ce tsohon da kansa ya rufa mana asiri, ya tafi da shi kabari, mu wane ne da za mu tone? Daga bana mu riƙa kai dami biyu, shi ke nan. Maganarsa ta shige ni, don akwai ƙannenmu mata biyu da geron nan ke riƙe da gidajensu. Na amince. Na koma wurin jometir na ce ya rubuta mana takardar aro, mu da magadan mu sa hannu, kowa ya huta. Ya tsara ta, ya kira ni in duba kafin a tara mutane. Ya karanta mini layi-layi, har ya zo inda aka ce masu aro sun cika sharaɗin dami kowace shekara ba tare da yankewa ba. Ya miƙo mini alƙalami ya ce in haka ne, in sa hannu a nan. Ni da na yi rayuwata ina gaya wa mutane cewa abin da ke rubuce shi ne gaskiya, na riƙe alƙalamin nan na kasa sa hannu. Na ajiye na ce masa ba haka ba ne. Ya karɓi takardarsa ya mayar cikin jaka, ya ce to, in na shirya yana nan.

Washegari na koma Jiratawa na faɗa wa babban ɗan komai, har maganar da na yaɓa wa mahaifinsa a ƙofar gida ban rage ba. Bai yi zancen gona ba. Ya ce tafiyar ƙarshe da tsohon ya yi Maraɗi ƙafafunsa a kumbure suke, sai da aka ɗaga shi aka ɗora a kan babur, sun yi ta roƙonsa ya bari ɗayansu ya je, ya ƙi, ya ce Malama za ta ji ba daɗi in ba ta gan shi ba. Ya faɗi haka ya share ido da hannun riga, ya tashi ya shiga gida ya bar ni zaune. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu.

Bayan mako biyu suka aiko cewa sun yi shawara, suna son gonarsu. Ban ja ba, ba ni da bakin ja. Ƙannena mata sun yi wata da watanni ba sa ɗaga wayata, ɗayarsu har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Aka sake taruwa ƙarƙashin gawon nan, jometir ya fito da awon da ya riga ya yi, aka rubuta sunan magada. Turakun simintin da na sa aka zuba da kuɗina su aka kafa a kusurwoyin. Na sa hannu a takardar, a layin masu shaida.

Na rubuto ne don wanda yake irin halina ya ji. Idan ka ga iyayenka sun dage a kan wani abu da kake ganin ba shi da ma'ana, ka zauna ka tambaye su dalili tun suna da rai, kada ka yi musu dariya. Ku kuma iyaye, ku daina jin kunyar gaya wa ƴaƴanku yadda kuka sami abin da ke hannunku. Mahaifina kunya ce ta hana shi cewa gonar aro ce, abokinsa kuma kunya ta hana shi tuna mini, ni kuwa girman kai ya hana ni tambaya. Wanda ke da fili ko gona ya nemi mai awo na ƙwarai tun dattawan da suka san asalin wurin suna raye, kuma idan ya fara tambayoyi kada a katse shi kamar yadda na yi. Da na kira shi shekara uku kafin nan, da na sami Baba na Jiratawa da rai, da na durƙusa a gabansa.

Kwanan baya na bi ta hanyar Tsibiri na leƙa gonar daga nesa. Sun dasa mangwaro guda shida, an kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ban ji zafin itatuwan ba, ƙasarsu ce. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, duk ranar da na buɗe buhu zan auni gero, sai in ga tsohon nan yana dafa sanda yana ɗaukar ledar da na ajiye masa a ƙasa, yana sa mini albarka.